Maraƙin da Na Ba Gwaggona Ta Yi Hadaya

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da dukkan masu karatu. Ina gaishe ku daga Makka. Ku yi haƙuri ba zan faɗi sunana ko garinmu ba, kuma don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, domin tsinuwar da nake yi wa kaina ta ishe ni.

Ni makiyayi ne tun a gida. Na zo Hajji ta hanyar Sudan, kuɗin komawa ya gagara, na zauna ba takarda, har na yi aure na haifi 'ya'ya biyu a wani ɗaki a unguwar Hindawiyya. Aikina kiwo ne a wajen wani attajiri da nake kira Ammi. Kakansa Bakatsine ne, amma shi a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Yana sayen maruƙa idan jirgin ruwa ya sauke su a Jidda, ni kuma in kora su wani kwari a bayan gari inda ciyawa ke fitowa bayan ruwan saman lokacin sanyi, ina ƙara musu da barsim, wato ɗanyen haki da ake nomawa a lambuna.

Bara Ammi ya zo mini da wani abu da ya samo a hannun wani ɗan kasuwa daga ƙasar waje. 'Yan ƙwayoyi ne farare, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, da wata allura mai kauri. Ya ce a kama maraƙi, a soka allurar a ƙarƙashin fatar kunne, a tura ƙwaya ɗaya a bar ta, tana narkewa a hankali tana sa jiki. Na ce, "Ammi, wannan ba tsafi ba ne?" Ya yi dariya ya ce, "Wane tsafi, ya shekh? Dawa ne, magani. Turawa da shi suke kiwo. Bas, sai dai idan an yanka a yanke kunnen a yar. Yalla, kama mini wancan."

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya burge ni. Maruƙan da suka sauko daga jirgi ƙashi da fata, sai ga su sun cika sun batse, ƙirji ya buɗe, cinya ta yi nauyi. Ina zagaya su ina jin daɗi sai ka ce ni na halicce su, Allah ya yafe mini. Da ma maruƙan na mahauta ne, kuma mahauci ba ruwansa da shekarun dabba, nama yake nema. To amma da aikin Hajji ya matso, shanu suka yi wuya, Ammi ya ce a kora su Mina. Na ce, "Ammi, waɗannan ba su yi famfara ba, haƙoran nono ne a bakinsu. Ba su isa hadaya ba." Ya dube ni ya ce, "Wa ya tambaye ka? Alhaji jiki yake kallo. Kai makiyayi ne ko mufti? Iƙamarka tana ina?" Na kora su Mina. Wanda ba shi da takardar zama a garin nan ya san abin da wannan tambayar ke nufi.

A cikin alhazan bana akwai Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta goya ni bayan uwata ta rasu. Ta zo a jirgin sama, tsohuwa tukuf, yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta gane mutum da murya. Da na je masaukinsu na yi sallama, sai ta miƙo hannu tana laluben fuskata tana kuka tana cewa, "Ɗan nan, ashe kana raye?" Wannan matar ita ta koya mini shanu. Ita ta fara kama hannuna ina ƙarami ta sa a bakin saniya ta ce, "Kada ka yarda da ƙiba, ka tambayi haƙori." Ga shi kuma ni da bakina na cika ta da labari, na ce ina da garke, na ce ni ake ji a harkar shanu a Makka. Me ya kai ni? Kunya ce kawai, kada ta koma gida ta ce ta same ni ina bauta.

Ta ce ita ba za ta yanka rago ba. Ta yi rayuwarta cikin shanu, don haka sa za ta kai wa Ubangijinta, kuma daga garken ɗanta. Ranar yanka na riƙo hannunta muka ratsa cunkoson Mina, rana tana dukan ƙeya, har inda muka tsare dabbobin. Niyyata in zame in samo mata babban sa a wajen wasu, wallahi niyyata ke nan. Amma Ammi yana tsaye, ya riga ya ji cewa gwaggona ce, sai ya jawo mafi girma a cikin maruƙan da kansa ya ce, "Ya Hajja, tafaddali, wannan naki ne. Ɗanki ya yi kiwonsa da hannunsa."

Ta sa hannu tana shafa shi, daga tozo zuwa gadon baya, tana murmushi. Ta taɓa ƙaho ta ce, "Gajere ne." Ammi ya ce irin na ƙetaren teku haka suke. Sai yatsunta suka kai kunne, suka tsaya daidai kan ɗan kullutun da allura ta bari. Ta ce, "Ɗan nan, mene ne wannan?" Na ce, "Kaska ce ta cije shi, Gwaggo, ya warke." Ta gyaɗa kai, ta gangaro da hannu za ta buɗe bakinsa. Jama'a, ni ne na riƙe mata hannu. Na ce, "Gwaggo, bari kada ya ture ki, na riga na duba." Ta saki, ta ce, "To, in kai ka duba, ai na duba."

Aka yanka. Na yanke kunnen na tura cikin yashi da ƙafata. Da aka juya kan, bakin ya buɗe, ga ƙananan haƙoran nan farare a jere, ni kaɗai nake kallonsu. Gwaggo kuwa tana gefe hannuwa sama tana cewa, "Allah na kawo, Allah ka karɓa."

Da ta koma gida tare da ayarinsu, wataƙila da na danne abin, na ce ya wuce. Sai ciwo ya kama ta bayan an sauko daga Mina, ƙafafu suka kumbura, likita ya ce ba za ta iya tafiya ba. Yanzu tana kwance a ɗakina, matata na jinyarta. Ita ko a jikinta, murna ma take yi. Kullum sai ta ce, "Na sauke farali, na yi hadayata, in mutuwa ta zo a nan ai na ci riba." Ranar nan ina ba ta kunu ta kama wuyan hannuna ta ce, "Allah ya karɓi aikinka yadda ya karɓi hadayata." Matata ta ce amin. Ni na kasa. Wace irin addu'a ce wannan a kaina? In ce amin in halaka, ko in yi shiru ta tambaye ni dalili?

Tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ina kwari, hankalina na ɗaki. In na dawo ɗaki, sai in ji kamar bango zai matse ni, in fita in yi ta yawo a lunguna ba inda za ni. Na shiga Harami don in samu sauƙi, na tarar ko Ka'aba ba na iya ɗaga ido in kalla. Abinci ba ya wuce mini. Matata tana zaton aure nake nema.

Na samu wani malami Bahaushe da ke karantarwa bayan la'asar, na ce wani abokina ne abin ya faru da shi. Ya ce dabbar da ba ta kai shekaru ba ba ta isar wa mai hadaya, sai a sake. Na yi farat na ce to abokin nawa zai sayi wani san ya yanka mata a ɓoye. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ibada ce, ba bashin gishiri ba. Tana raye, tana cikin hankalinta, sai da saninta da izininta." Sannan ya dube ni da kyau ya ce, "Ka gaya wa abokin naka ya yi sauri." Na tashi na fita. Na ji wasu na cewa tunda ba ta sani ba babu komai a kanta, laifin nawa ne ni kaɗai. Ko da haka ne, in bar ta ta tafi tana gode mini a kan ƙarya?

Ga inda na maƙale. Gwaggo ba mai haɗiye magana ba ce. In na faɗa mata, ba kanta kaɗai za ta yi wa kuka ba, sai ta tambayi sauran maruƙan wa aka sayar wa, sai ta sa an kira mata shugaban alhazan da suka rage, maganar ta fita. In ta fita, Ammi ba zai ɓata lokaci ba, 'yan jawazat masu kama marasa takarda zai turo mini, a jefa ni jirgi, a bar mace da yara biyu da tsohuwa a kwance ba mai ba su ruwa. In kuma na yi shiru, jikinta kullum ƙara sanyi yake. Kuma ko ba wannan, da wane baki zan ce wa matar da ta goya ni, hannun da na riƙe ranar nan ba don kada sa ya ture ki ba ne?

Sababbin maruƙa sun iso makon jiya. Ammi ya miƙo mini allurar ya ce, "Yalla, ya shekh, wannan karon sai mun fi na baya." Tana cikin aljihuna yanzu haka, ban soka ba, ban mayar ba.

Na san kafin jaridar nan ta zagayo hannunmu a Makka an daɗe, ban san ko Gwaggo za ta jira amsarku ba. Ɗazu da zan fito ta kira ni ta ce in ta samu sauƙi in kai ta kwari, tana so ta shafa sauran garken nawa, ta ji bakinsu da hannunta ko sau ɗaya. Na ce to, Gwaggo.

'Yan'uwa Musulmi, don Allah, me zan yi?