Ƙwan Ado na Ɗakin Kafanchan

Madakiya, farkon Disamba

Mijina abin ƙaunata, Gershon,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aiki, yaya tarin nan naka? Mama da Baba suna lafiya. Na rubuto ne don a waya Mama tana jin komai.

Tun da ka ce bayan Kirsimati za ka ɗauke ni zuwa ɗakin da ka kama a Kafanchan, na fara haɗa masa ado. Nakan huda ƙwai da allura sama da ƙasa, in hura har ruwan ya fita, in wanke ɓawon ya bushe. Sai in ɗaura zare a guntun ashana in zura ciki, ya gitta ya riƙe, in zana furanni da jan farcena. A littattafan da nake karantawa amarya takan shiga gida mai fitilu masu lilo. Namu na ƙwai ne, amma za su yi lilo a tagarmu. Mama ta yi faɗa da farko, har ta ga Baba yana karyawa da soyayyen ƙwai kullum.

Ɓawon da na zana suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Don Allah kar ka sake ɗaga ranar. Har yau ban san launin ƙofarka ba.

Taka,
Afiniki

Madakiya, Janairu

Gershon nawa,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata ka koma lafiya.

Ba ni na kai kwalin nan coci ba. Mama ce ta ciro shi ta nuna wa matar fasto, aka rataye ƙwan duka a gaban bagade ranar Kirsimati. Na ga murmushinka da fasto ya kira sunana, aka yi tafi, matan zumunta suka ɗora mini adon Ista. Kai ma ka miƙe ka ce ka yarda in zauna in yi wa Ubangiji hidima. Da wane baki zan ƙi?

Yara sun farfasa rabinsu. Mama ta ƙaro kaji, tana gaya wa maƙwabta Allah ya ba ta 'ya mai hannu, ba inda za ta. Matar fasto kuma har ta fara zancen godiyar girbi.

Yau ma na hura har kumatuna suka yi ciwo. Abu ɗaya nake roƙo: ranar Ista kar ka shigo coci. Ka tsaya da mashin a bakin titi, zan fito da kayan jikina.

Matarka,
Afiniki