Ramin Hawa na Uku

Litinin, 16 ga Mayu, 2005

Shef Ibrahim, shugabanmu a wurin aiki, ya cire ni daga labarai. Bai ɗaga murya ba, har shayi ya zuba mini. Laifina kalma ɗaya ce: a rahoton da na kawo daga ƙauyukan Zermu ranar Juma'a na ce "yunwa". Ya ce gidan rediyonmu ƙarami ne, masu shi ba sa son hayaniya, abin da aka yarda a faɗa shi ne "ƙarancin abinci". Idan waccan kalmar ta sake fita a shirin da ke hannuna, ko daga bakin wa, in ajiye makullin biro, wato ofis.

Na ce to. Shekara uku a makarantar aikin jarida a Yamai, abin da na iya faɗa ke nan.

Ya ba ni shirin matasa na Asabar da yamma. Batun farko: ra'ayin ƴan wasa kan wani wasan bidiyo da ya shigo gari. Na ɗauka zolaya ce, sai da ya rubuta mini kwatancen shagon a bayan ambulan.

Talata, 17 ga Mayu

Shagon yana bakin unguwar Kara-Kara. Ɗaki ɗaya na kwano, tele biyu, benci uku, zafi kamar gidan burodi. Mai shi Suma'ila, bara ya gama makarantar lise, yayansa ya aiko masa da na'urar daga Libiya. Ni kaɗai ce mace. Wani ya share mini benci da hularsa.

Sunan wasan na Faransanci ne mai tsawo, ba mai kiransa. "Mai Igiya" suke ce masa. Zan rubuta abin da na gani, tunda ban fahimta ba. Saurayi ne da igiya a ƙugu, cikin hasumiya mai hawa bakwai da wani matsafi ya gina. Yana gudu a jikin bango kamar ƙadangare, ya yi lilo da igiya, ya yi alkafura ta kan sojojin dutse. Can ƙoli akwai ƙararrawa, in ya buga ta an gama. Me ya sa zai buga? Na tambayi mutum huɗu, na sami amsa huɗu.

Ra'ayoyin da na ɗauka a magneto, na'urata ta ɗaukar murya:

Suma'ila ya ce gudun bangon ba a taɓa yin irinsa ba, faɗan ne ba daɗi, "maɓalli ɗaya kake ta duka kamar mai dakan gero."

Wani ɗan lise ya ce kamarar munafuka ce, daidai lokacin tsalle take juya maka baya.

Wani tela ya ce shi matsafin yake goyon baya. Gidansa aka shigo ba sallama.

Na dawo da minti goma sha ɗaya na magana, ban san ina ne kanta ba.

Laraba, 18 ga Mayu

Kuran ya ɗauke, ba lantarki, ba wasa. Famfonmu kwana tara ba ɗigo.

Alhamis, 19 ga Mayu

Na je da tsakar rana don in samu shiru, na tarar da shagon cike ana ta dariya. A gaban tele wani mutum ne da zai yi shekara arba'in da biyar, siriri, ya riƙe manet, abin sarrafa wasan, da yatsu kamar itace. Suma'ila ya ce sunansa Tahiru, ɗan ga-ruwa ne, daga wani ƙauye a bayan Dakusa ya zo watanni biyu da suka wuce. Shi ke kawo wa shagon bidon ruwa, Suma'ila kuma ya bar shi ya taɓa wasa in ƴan makaranta ba su taso ba.

Na zata rashin iyawa ake yi wa dariya. A'a. Hawa na ɗaya da na biyu ya wuce su sumul, a wajen igiya ma ya fi su duka, ba ya gaggawa. Sai hawa na uku. A nan akwai wani rami zagayayye a tsakar daɓe, an jera masa duwatsu, ana jin ɗis, ɗis daga ƙasa. Kowa gudu yake a bango ya tsallake shi. Tahiru sai ya tsaya a baki, ya juya wa ramin baya, ya sauka. Saurayin ya faɗa duhu ya mutu. Aka fara daga farko. Ya sake.

Sau biyar a gabana.

"Baba Tahiru, sama ake zuwa! Sama!"

"Wa ya ce?"

"Ga shi an rubuta."

"Ni ban ga ya ce ba."

Rubutun Faransanci ne, ba ya karantawa. Na karanta masa: "Hau zuwa ƙararrawa." Ya gode mini da ladabi ya sake sauka.

Asabar, 21 ga Mayu

Shirin yau tsohon kaset aka maimaita, nawa sai mako mai zuwa. Na wuni ina tunanin mutumin nan. Wauta? Ba idon wawa gare shi ba. Taurin kai? Wataƙila. Na taɓa karanta cewa mai wasa yakan nemi a wasa abin da ya rasa a waje, amma wannan irin maganar littafi ce, kowa za a iya liƙa wa.

Litinin, 23 ga Mayu

Na same shi a inuwar kurarsa ta ruwa, na kunna magneto. Ashe mai haƙar rijiya ne, gadon gidansu. Shekara ashirin da shida yana shiga ƙasa.

Ya ce ramin nan rijiya ce, ba tantama. Ya nuna mini da hannu a iska: a jikin bangonta akwai gurabe ƙanana, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai takun mutum. Irin su suke sassaƙawa don sa ƙafa. Kuma duwatsun ƙasa sun fi na sama baƙi, alamar laima.

Suma'ila daga ƙofa: "Dekor ne, Baba. Ado kawai."

"Kai, yaro. Wa zai zauna ya sassaƙa gurbin ƙafa don ado? Ka san wuyarsa?"

Na tambaye shi ra'ayinsa kan wasan gaba ɗaya. Zan rubuta yadda ya faɗa, na saurara sau uku:

"Wasa ne mai kyau, igiyarsa ma gaskiya ce, haka take lilo. Abu biyu ne ban yarda da su ba. Wanda ya yi shi bai taɓa jin ƙishirwa ba, in ba haka ba ba zai sa ruwa a ƙasa ya ce a hau sama ba. Na biyu, yaron nan tun da na san shi yake tsalle ban ga ya ci komai ba. Da yunwar da ke garinmu ce a cikinsa, ko dakali ba zai hau ba."

Aka fashe da dariya. Ni ma. Sai daga baya na ji abin da ya shiga kaset.

Bayan na kashe magneto ya ƙara wani abu. Rijiyar garinsu ta ja baya, gaba biyu kawai take so a ƙara mata. Shi zai iya. Amma mai shiga rijiya mutum huɗu ke riƙe masa igiya, in ya ja sau uku su fito da shi. Ran da ya gwada, ya ja sau uku, ya ji igiyar tana rawa a hannunsu, da ƙyar suka kawo shi baki. Ba mugunta ba, ƙarfin ne babu. Kashegari ya taho Damagaram.

Wannan bai shiga kaset ba. Ban san ko sa'a ce ko asara ba.

Talata, 24 ga Mayu

Indo, mai haɗa mana sauti, ta saurari duka. Ta ce a cikin minti ashirin maganar Baba Tahiru ce kawai mutum zai tuna, in na cire shi gara in sa kiɗa. (Ashe ita ma tana buga Mai Igiya a gidan ƙaninta, ta kai hawa na biyar. Ra'ayinta: jarumin ya cika surutu.)

Na ce ta yanke kalmar kawai. Ta yanke a ordinata, wato kwamfuta. Abin da ya fito: "Da... da ke garinmu ce a cikinsa." Da wani ɗan ƙaras a tsakiya, numfashinsa ya rabu biyu.

"Ya Fanta, yanzu kam kamar ya yi ashar muka ɓoye."

Ta gwada sa ƙarar ƙararrawa a gurbin. Ya fi muni.

A makaranta abu na farko da aka koya mana: ba a taɓa maganar mutum. Abu na biyu: ba a gardama da shef ana gobe shiri. Ba wanda ya ce me za a yi in suka haɗu a jimla ɗaya.

Alhamis, 26 ga Mayu

Na koma wajen Tahiru. Ban ji daɗin kaina ba. Na ce, Malam Tahiru, maganarka ta yi kyau, wuri ɗaya nake so ka sake faɗa, ka ce "ƙarancin abinci".

"Ƙarancin me?"

Na maimaita.

Ya jujjuya ta a baki kamar goron da ya yi tsutsa. "Madam, ai ƙaranci sai in akwai kaɗan."

Na gaya masa gaskiya, aikina ne a kai. Ya ce subhanallahi, ba zai zama sanadin tuwon wani ba, in kunna. Sau huɗu muna yi, yana tuntuɓe a kalmar, samarin shagon suna ta gyara masa. A na huɗu ta fito tsaf: "Da ƙarancin abincin da ke garinmu ne a cikinsa, ko dakali ba zai hau ba." Ba wanda ya yi dariya. Muryarsa ce, amma kamar an sa masa rigar wani.

Daga nan ya shiga ya karɓi manet. Hawa na uku. Ya juya baya, ya sauka.

Juma'a, 27 ga Mayu

Indo ta juye mini su a kaset biyu. Na asali na ɗaura masa jan zare, na gyara ba komai a jikinsa. Wanda ba zare shi za a sa. Na rubuta a nan, na rubuta a tafin hannuna.

Asabar, 28 ga Mayu

Shirin ya fita.

Ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na miƙa wa Indo kaset ta taga. Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Wannan?" Na ce lokaci na tafiya. Sai da na ji dariyar samarin a kunnena na san wanne ne, don a na gyara ba dariya. Jan zaren yana lilo a bakin na'ura, kowa na iya ganinsa.

Shekara shida ban taɓa musanya kaset ba. Zafi ne, ina jin. Ban karya da safe ba kuma.

Muka buɗe waya, na jira a fara. Mutum tara suka kira. Na farko ya ce tsohon nan yana da gaskiya, akwai gurabe a ramin. Na biyu ya ce ƙarya ne, zane ne. Wata mata ta ce a tambayi Baba ko ya gwada ɗaura igiyar a baki kafin ya sauka. Wani ya ce kamarar ce matsala. Na bakwai, dattijo daga murya, bai ce komai kan wasa ba. Ya ce, "A gaya wa mai rijiya mu ma haka," ya kashe.

Takwas da tara suka koma kan kamara.

To wa ya ji, wa bai ji ba? Ban gane garin nan ba.

Litinin, 30 ga Mayu

Shef ya ji. Yau ba shayi.

Ya ce, "Fanta, kuskure ne?" Na ga yana so in ce eh. Da na ce eh, ina jin da takardar gargaɗi za a tsaya. Na buɗe baki in faɗa, sai na ji na ce, "Haka mutumin ya faɗa."

Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, kada in ɗauka bai sani ba. Sannan ya miƙo hannu, na sa masa makullin.

Indo ta raka ni har bakin titi ta tsayar mini da kabu-kabu. Ta cusa mini wani abu a jaka. A gida na duba, kaset ne da jan zare.

Talata, 31 ga Mayu

Ba inda na je. Na jera littattafaina bisa tsawo, na sake jera su bisa shekara.

Alhamis, 2 ga Yuni

Na bi ta shagon Suma'ila, hanya ce ta biyo da ni. Yana ta mita: tun Asabar ba wanda ya buga ƙararrawa, kowa ya zo hawa na uku sai ya juya baya ya sauka, har tela. An mayar masa da wasa haƙar rijiya.

Suka ce Madam ta gwada. Ban taɓa riƙe manet ba. Suma'ila ya kai ni bakin ramin ya ba ni. Tahiru yana tsaye bayana da bido a hannu.

"Ƙafar hagu tukuna, Madam. Kar ki dubi ƙasa, bango za ki duba."

Na faɗi. Na sake faɗi. A karo na shida, daidai gurbi na biyar, hannun saurayin ya kama. Ƙiftawar ido ne, amma ya kama, na gani, sannan ya suɓuce. Suma'ila ya ce tangarɗar na'ura ce. Tahiru dai ya ajiye bidon.

Sau goma sha ɗaya na yi. Tabbatar da labari ne kawai, sai an ga abu fiye da sau ɗaya ake rubuta shi.

Jibi zai koma garinsu. An aiko masa wasu samari sun dawo daga cin rani, zai je ya ga ko mutum huɗu za su samu. Ya ce yunwar tana nan, amma rijiya ba za ta jira a ƙoshi ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa motar Dakusa ke tashi. Tambaya ce kawai.

Magneton nawa ne, a Yamai na saye shi, ba na gidan rediyo ba. Na sa masa sabon batir da yamma. Ba kyau a bar na'ura haka nan a ajiye.