Sunan da na saki a gurup ɗin ƴan Abijan

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana. Kuma kafin ku fara jifa ku bari in kai ƙarshe, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni mace ce a Tahoua, ina saida atamfa ta waya. Duk wanda ya san ni ya san bakina, in na ɗauki hoton kaya na yi magana a kai, ko tsumma ne sai an saya. Da mutanen ƙauyukan arewa suka fara kwararowa cikin gari gudun ƴan bindiga, mu matan unguwa muka kafa ƴar ƙungiya muna tara wa yaransu hatsi da sabulu da kayan lakwal, wato na makaranta. Ni aka ɗora wa roƙon mazanmu da ke cin rani a Abijan, tunda a ƙasarmu ta Adar da wuya ka sami gidan da ba shi da namiji a can, kuma yayana ya sa ni cikin gurup ɗinsu na wasap.

A kangon da ke bayan gidanmu wata mata ta sauka da ɗiyarta ƴar kamar shekara shida. Zan kira uwar Mariyama, yarinyar kuma Nana. Safiyar da na fara kai musu ɗumame na tarar da Nana tana barci da takalmin roba a ƙafa, na sunkuya zan cire mata, uwar ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar ta, Yaya. Randa munka gudu ba ta samu ɗaukar takalmi ba, ƙaya ta cinye mata ƙahwa. Tun sannan ba ta yarda a hidda mata su." Daga ranar yarinyar nan ta shiga raina.

Kowa a unguwa ya san Mariyama a matsayin wadda aka kashe wa miji. Sai wata rana tana yi mini kitso ta sassauta murya ta ce, "Yaya, amana ta zan ba ki. Baban Nana na da rai." Ashe shi ƴan bindigar suka so su tilasta wa ya riƙa tattara musu dabbobin mutanen garin da sunan zakka, ya ƙi, suka ce shi ke kai wa soja rahoto, suka rantse sai sun ga bayansa. Yanzu yana ban ruwa a wata garka wajen Bambeye da wani suna dabam, ba ya riƙe waya, sai dai ranar kasuwa ya saje da jama'a ya zo ya ga ɗiyarsa. Ta ce, "Kak ki ɗauke mu hoto, kak ki hwaɗi garinmu ga kowa." Na dafa ƙirji na ce wallahi ko a kabari. Ni da bakina na rantse mata.

To roƙon da na fara yi a gurup bai kawo komai ba sai "Allah sarki" da ƴan hotunan hannu biyu ana addu'a. Sannan wani dattijo cikinsu ya saki murya yana cewa, "Madam, an sha ɗamko hotunan ɗiyan wata ƙasa a ci guminmu. Ɗiyan wa na? Wane gari? In namu na, ki hwaɗi uwayensu mu san su." Kun san halinmu, ba a buɗe hannu sai an ji ɗan wane ne jikan wane. Da a nan aka tsaya da na haɗiye. Amma sai wani ya ƙara da dariya, "Ai mai talla ta, ta saba." Jama'a, maganar nan ta soke ni. Ni da ke yawo gida gida da ƙwarya ina roƙon tiya ɗaya ta hatsi don ɗiyan da ba nawa ba, ni za a mayar maƙaryaciya a gaban yayana? Washegari da Mariyama ta tafi famfo na shiga kangon, na ɗauki Nana tana barci, fuska a fili, takalmi a ƙafa. Na haɗa da murya mai daɗi irin wadda na iya. Na faɗi garinsu, na faɗi sunan uban, wanda ma a bakin yarinyar na ji shi, domin Mariyama ba ta faɗin sunan miji. Na faɗi unguwarmu. Kuma don in ƙara wa miya gishiri na ce ubanta ya bar gona da garke ya tsira da ransa. Wace irin mace ce ke yin haka? A lokacin na gaya wa kaina don yaran nake yi, amma Allah ya sani akwai son in rufe bakin mai dariyar nan.

Taimako ya zubo kuwa. Buhuna suka iso, yara suka sami littattafai, Hajiya shugabar ƙungiyarmu tana nuna ni a taro tana cewa Allah ya yi wa bakina albarka, ni kuma ina sunkuyar da kai wai kunya. Hankalina bai tashi ba sai da wata ƴar uwata ta Affala ta turo mini muryar nan tawa tana tambaya ko na ji labarin yarinya mai takalmi. Na ruga na goge a gurup, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta shiga wayoyin da ban sani ba.

Shekaranjiya wata baƙuwar lamba ta kira ni. Namiji ne mai sanyin murya, ya yi mini gaisuwa doguwa har da sa albarka. Ya ce shi falken shanu ne, abokin baban Nana tun suna kiwo, yana so ya kawo buhun hatsi amma hannu da hannu zai ba shi. Na ce ya kawo wa ƙungiya. Ya yi ƴar dariya ya ce, "A'a Madam, ɗan uwa nika son gani. Ya kan zaka ran kasuwa, ko?" Na ce ban sani ba. Ya ce babu komai, Lahadi, ranar kasuwarmu, yana tafe, ai na riga na faɗi unguwa. Har ya kashe waya bai tambayi lafiyar yarinyar ba, ko da wasa.

Wataƙila abokinsa ne da gaske, ina ta gaya wa kaina haka. Amma in ba shi ba ne fa? In na gaya wa Mariyama, da wane ido zan dube ta, kuma ina za ta nufa da yarinya, ita da ba ta da hanyar tsayar da mijin kafin ya taso? In na je wajen jandarma, sai na tona inda yake, kuma kun san yadda ake kallon duk namijin da ya fito daga can, ina tsoron ya faɗa wata sabuwar tuhuma. In na gaya wa Hajiya labari ya bazu, wace uwa za ta sake yarda da mu, wa zai sake aiko wa sauran yaran ko tiya? In kuma na yi shiru aka taɓa bawan Allah nan, ni na kai masu neman ransa ƙofa. Ba na iya cin abinci, ko ƙarar moto, wato babur, na ji a lungu sai na leƙa. Ina jin tsoro, ina jin kunya, kuma na tsani kaina.

Ɗazu da safe Mariyama ta shigo da cuku a leda, wai tukuici ne don wahalar da nake yi da su. Fuskarta a sake, ban taɓa ganin ta haka ba. Ta ce, "Yaya, albishirinki. Jiya Nana da kanta ta tuɓe takalminta ta aje bakin ƙohwa ta kwanta. Ta ce nan gida na. Lahadi in babanta ya zaka, shi za mu hwara gaya ma." Na karɓi cukun da hannu biyu, har na yi mata godiya.

Yau Juma'a. Don Allah jama'a, me zan yi?