Kwana Tara a Ƙonni

Yamai, 12 ga Janairu 2024

Zuwa ga Yaya A'ishatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara, Nasiba da Maman Sani. Ya ƙarin haƙuri? Inna ta ce mini kin fita takaba watan jiya. Allah ya jiƙan Malam Isufu, ya raya abin da ya bari.

Yaya, wata huɗu ke nan ina kiran wayarki ba ki ɗauka. Shi ya sa na ba Tanimun direba wannan takarda ya miƙa miki hannu da hannu.

Wata alfarma nake nema. Wasu jami'o'i sun shirya taron ƙara wa juna sani a Dakar cikin watan Maris, don masu bincike sabbin shiga irina, waɗanda ba su gama digirin dakta ba. Batun taron shi ne dokokin da ke bisa dokar ƙasa, wato yarjejeniyoyin da ƙasashe suka sa wa hannu suka ce sun ɗaure kansu da su, irin ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yankinmu, da ta ba kowa damar ƙetare iyaka. Mutum ashirin aka ɗauka, ni kaɗai daga Nijar.

Zan yi magana a kan rufe iyakar Ƙonni da ƙungiyar ta sa aka yi bara bayan juyin mulki, da abin da ya sami marasa lafiya. Littattafai sun ishe ni. Abin da ba ni da shi shi ne labarin wanda abin ya faru a gabanshi. Ki rubuta mini yadda aka yi, rana bi rana. Ina so manyan malaman shari'a su ji sunan Malam Isufu, don kada mutuwarshi ta tafi haka nan.

In ba za ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Ƙanenki mai girmama ki,
Muttaƙa

Ƙonni, 23 ga Janairu 2024

Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na koma lakwal, aji huɗu aka ba ni bana. Yara suna gaida kawunsu.

Ka ce rana bi rana. Ga shi.

Ka san Baban Nasiba shekara biyu yana zuwa Sakkwato wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Ya tafi da safe, ya dawo da la'asar, kashegari ya ɗauki jakar ƙarafunanshi ya shiga garake gyaran injin ban-ruwa. Da haka muke rayuwa, kuma ba mu raina ba.

Ranar Alhamis ɗin farko bayan rufewa muka je iyaka da takardun likita. Sojan da ke wurin ya karanta su har ƙarshe, ya ce, "Malama, wallahi ko uwata ce ba ni da izini." Muka dawo. A Yamai kai da kanka ka tambaya, aka ce babu wuri a sashen wankin ƙoda. Wutar kuran kuma an ɗauke, ko fanka babu.

Rana ta uku da rashin wanki ƙafafunshi suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Wanshi Lawali ya zo daga Dogarawa da wani mai babur ɗin kabu-kabu wanda ya san hanyar daji. Ba mu tafi ba.

Rana ta shida ya daina iya kwanciya, sai a jingine da bango. Rana ta bakwai ya kira Nasiba da sunan uwarshi.

Rana ta tara da hantsi muka ɗora shi a babur, Lawali a baya ya rungume shi, ni a babur na biyu. An yi ruwa, hanyar duk laka. Sau biyu ana sauke shi ana ɗaukar shi a kafaɗa don ƙetare kwazazzabo. Mun shiga ƙasar Najeriya, ana neman mota, sai Lawali ya ce mini, "A'i, zo ki riƙe kanshi." A gindin wata itaciyar bedi ya cika. Da babur ɗin muka komo da shi.

Shi ke nan. Ka kai musu.

Allah ya kai ka lafiya.
A'ishatu

Yamai, 2 ga Afrilu 2024

Zuwa ga Yaya A'ishatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya azumi? Na ji an buɗe iyaka, motoci sun soma wucewa. Na san abin da wannan labari zai tayar miki.

Na dawo daga Dakar. Kwana biyar muka yi a wani ɗaki mai sanyi a bakin teku. Kowa ana ba shi minti ashirin, sannan manyan farfesoshi su yi mishi tambayoyi har gumi ya karyo mishi. Wata 'yar Ghana kuka ta fita tana yi.

Tun kafin in tashi, wani ya ce cikin raha, tunda Nijar ta ce ta fice daga ƙungiyar, ni yanzu masanin tarihi ne, ba na shari'a ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na karanta wasiƙarki, na fassara ta kalma bi kalma, ba wanda ya ƙara dariya. Da na kai wurin bedi, na ga wata tsohuwar alƙaliya ta cire tabarau.

Bayan nan shugabar taron ta ce, "Labarin ya taɓa mu. Amma a nan hujja muke aunawa. Tambayar ita ce ko ƙungiya tana da ikon hana abin da yarjejeniyarta ta halatta. Ka rage labarin, ka ƙara nazari." An yi awa guda ana gardama a kan ma'anar sashe ɗaya. Na koyi abu da yawa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Albishir ɗin shi ne, cikin ashirin an zaɓi shida da za a buga a littafi, tawa na ciki. Kuma sun gayyace ni zama na biyu a watan Yuli. Ga kwafin maƙalar bayan gyara. Akwai kuma wata takarda ta amincewa: ƙa'idarsu ce ba a buga shaidar mutum sai ya sa hannu. Ki sa hannu a inda na yi alama, ki ba Tanimun.

A gaida Nasiba da Maman Sani. Akwai alawa da na sawo musu cikin ledar.

Ƙanenki,
Muttaƙa

Ƙonni, 14 ga Afrilu 2024

Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Alawa ta iso.

Na karanta. Wataƙila ka manta ni ce na koya maka Faransanci a kan tabarma kafin a sa ka lakwal. Shafi talatin da ɗaya, duk na bi su da yatsa.

Ka ce za su ji sunanshi. Na neme shi tun daga shafin farko, sai a shafi na sha tara na same shi, can ƙasa, cikin ƙananan haruffan da sai an matso da fitila. Layi huɗu. Kuma ba sunanshi ba ne, harafi ɗaya ne da ɗigo. Wannan na haƙura, na ce ƙila ƙa'idarsu ce.

Layi na uku ne ban haƙura ba. Ka rubuta cewa iyalin sun jira kwana tara saboda rashin sanin haƙƙinsu, kamar yadda aka saba gani wurin mutanen karkara.

Rashin sani, Muttaƙa?

Rana ta uku, da Lawali ya zo da mai babur, man fetur a tanki, Baban Nasiba yana iya tsayawa da ƙafarshi, wa na kira? Kai na kira. Na sa wayar a fili kowa na ji. Ka ce, "Yaya, kada ku bi daji. Yarjejeniya ba ta yarda a hana mara lafiya wucewa ba. In aka kama ku, kun zama masu laifi, kun zubar da haƙƙinku. Ina rubuta takarda yanzu, kwana biyu za a buɗe muku." Har lambar sashen ka faɗa mana.

Lawali ya ce shi bai san sashe ba, ƙafar ƙanenshi yake gani. Baban Nasiba ya ce, "A bari. Yaron nan ya yi karatu, mu ba mu yi ba." Ni kuma na goyi bayanka. Ni ce na sallami mai babur da bakina.

Rana ta biyar ka ce gobe. Rana ta bakwai wayarka a kashe.

Ban sa wannan a wasiƙata ta farko ba, don na ɗauka ba sai an tuna maka ba. Na ce a raina, bari in gani, zai cike gurbin da kanshi. To ka cike shi.

Ba jahilci ya zaunar da mu ba. Iliminka ne ya zaunar da mu. Ban taɓa cewa kai ka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma ba kai ka rufe iyaka ba. Amma ba za ka ɗauki naka kason ka ɗora wa mamaci ba, a buga a littafi, ɗiyanshi su girma su karanta.

Ban sa hannu ba.

A'ishatu

Yamai, 29 ga Afrilu 2024

Yaya,

Salamu alaikum. Wannan ce takarda ta huɗu da na soma, sauran na yaga.

Duk abin da kika faɗa haka ne. Rana ta bakwai ni na kashe wayar. Takardar da na rubuta na kai ta ofisoshi uku, a na ukun ko karɓa ba a yi ba. Na fito na zauna a bakin titi, na ga kiranki, na kasa ɗauka. Ban san da wane baki zan ce miki ku tafi, bayan ni na ce ku zauna.

Ga yadda layin nan ya shiga. Da na gama karanta wasiƙarki a Dakar, wani farfesa mai furfura ya ɗaga hannu ya ce, "Abu ɗaya ban gane ba. Tunda akwai hanyar daji, kuma an san ta, me ya sa suka jira har kwana tara?" Mutum arba'in suka zuba mini ido. Amsar tana bakina, Yaya. Sai na ji kaina ina cewa, "Mutanenmu ba su san haƙƙinsu ba, kuma suna da saurin miƙa wuya." Ya gyaɗa kai, ya rubuta. Duk suka rubuta. A wurin shan shayi ya dafa ni ya ce wannan batu ne mai muhimmanci, in tabbata ya shiga maƙalar. Sai na sa.

Ba wanda ya tilasta mini. Amsar da suke jira ce, na ba su, suka ji daɗinta.

Na rubuta wa shugabar taron na ce ina so in gyara. Ta ce in cire layin in ina so, ba zai rage komai ba. Na ce a'a, so nake in rubuta abin da ya faru, da sunana. Ta ce wannan ya zama tarihin rayuwata, littafin kuwa na shari'a ne, kuma in yi tunani, matashin da ya buga cewa shawararshi ta jawo haka, wa zai ƙara neman shawararshi? Ta ba ni zuwa ƙarshen Mayu.

Na cire layin. Gaskiyar ban sa ba tukuna. Na zauna na buɗe shafin sau da yawa, ina rubutawa ina gogewa. Shekara tara ina wannan karatu, ke kin san da me aka yi shi. Ba na cewa wannan hujja ce. Ina gaya miki ne don kada ki ɗauke ni mutumin da ban kai ba.

Ki faɗa mini abin da zan yi. In kin ce in janye, zan janye. In kin sa hannu, a buga ba layin. Duk wanda kika zaɓa na bi.

Ki yafe mini in za ki iya.

Ƙanenki,
Muttaƙa

Ƙonni, 9 ga Mayu 2024

Muttaƙa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ba zan zaɓa maka ba. Sau ɗaya na ɗauki shawara a kan wannan magana, ya ishe ni.

Ranar Juma'a na je Dogarawa. Na karanta wa Lawali layin nan da Hausa, na karanta mishi wasiƙarka duka. Yana gyaran galma, bai ɗago ba har na gama. Sannan ya ce in ba shi takardar amincewar. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Ya ce in gaya maka tana wurinshi. Ya ce ba a bai wa direba, kuma ba a aikowa. In kana so, ka zo da ƙafarka, ka zauna a zauren da aka yi zaman makoki, ka maimaita mishi amsar da ka ba farfesan, da Hausa, yana kallon ka. Bayan nan ne zai san ko zai ba ni in sa hannu.

Yana gona kullum har azahar, ana shara kafin shuka. Bayan azahar kana samun shi.

Allah ya sa mu gama lafiya.

Yayarka,
A'ishatu