Kwalaben Kunamun Da Ka Bari

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba lallai ka duba ta ba, sai dai in na rubuta ta ƙanana-ƙanana da fensir na jefa a kwalba. Amma na fita takaba, masu zuwa ba ni haƙuri sun ɗauke ƙafa, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro. Kai za ka ji ta, tunda kai ka jawo ta.

Labarin gari ba yawa. An yanka mana sabuwar jiha, yanzu Minna ake zuwa neman komai, ba Sakkwato ba. 'Yarka ta Tungan Magajiya ta sauka lafiya, mace aka samu. Katangar bayan gida da ka yi ta cewa sai bayan damina za ka gyara, ta gaji da jiranka ta faɗi.

An raba gado. Da aka zo kan ɗakinka na zaure sai kowa ya yi cirko-cirko. Malamin da ya zo rabon ya buɗe kwalba ɗaya ya sansana, ya tambayi abin da ke ciki, aka ce masa sifirit ne, ruwan da kake jiƙa ƙwari a ciki don kada su ruɓe. Ya ce abin da ke sa maye ba ya shiga gado, ba a kuma sayar da shi. Ɗan'uwanka Yaya Sule ya kawar da kai don kunya. Ka ga ƙarshen aikin da ka fara tun shekarar da aka sami mulkin kai: kayan da ko magada ba su iya ɗauka. Kafin la'asar magana ta kai kasuwa, wai malamin kimiyya ya mutu ya bar ɗaki cike da giya. Kai da ko goro ba ka ci. Ni ce na riƙa bin gidaje ina rantsuwa a kanka.

To in ce musu me? In ce mijina ya ƙare rayuwarsa a kogunan dutse yana tankaɗe kashin jemage da rariyata, yana neman wata kunama da ba ta kai ƙwayar riɗi ba? Kunamar ma ba cikakkiya ba, ba wutsiya, ba ƙari, ko yaro ba ta iya sa wa kuka. Kai da kanka ka ce ba kunama ba ce, kama kawai ta yi. Ashe ko abin da ya raba ni da kai ma na jabu ne.

Ban taɓa gaya maka ba, amma na tsane su. Na tsani kwalaben allurar nan da kake roƙowa a asibiti in wanke maka. Na tsani yadda kake kifa ido a madubin ƙara girma daga azahar har a kira magariba, kana ƙirga gashin da ke hannun ƙwaro da haƙoran da ke bakin hantsakinsa. Wannan mai ido huɗu ce, waccan mai biyu, ta kogon Sahon Rami kuwa fara fat, ba ido ko ɗaya, ƙafafunta dogaye, don haka ba danginsu ɗaya da ta Mashegu ba. Ka ga duk na haddace ba da sona ba. Ka san wacce ta haɗa kaka da wacce a cikinsu, amma ranar sunan jikanka na fari ka tambaye ni ɗan wace ce a cikin 'ya'yanka. Na yi dariya a gaban mutane, na shiga ɗaki na yi kuka.

Duk wannan da na yafe. Har tarin ma da na yafe. Likita ya gaya maka ƙurar kashin jemage ce ta cika maka huhu, ya hana ka shiga kogo, ka ce masa to, ranar Asabar ka ɗaure rariya a bayan babur. Ranka ne, ka kashe shi inda ka ga dama. Abin da ba zan yafe ba shi ne Abba.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba mu. Ya gama karatun aikin gona, an kira shi aiki a Minna, sabuwar jiha na neman ma'aikata ido rufe. Sai ya ce mini ba zai tafi ba tukuna. Wai kafin ka cika ka riƙe hannunsa ka bar masa amana: farar nan marar ido ba wanda ya taɓa bayyana irinta, sai ya gwada ta da sauran ɗaya bayan ɗaya, ya zana ta, ya aika wa masana su tabbatar a raɗa mata suna. Malam, mutum yana kan gargara, maimakon ya ce wa ɗansa ya kula da uwarsa, sai ya ba shi amanar ƙwaro? Ina ɗakin fa. Ruwa kawai na fita ɗebowa.

Tun daga nan ya tare a zaure. Zamansa irin naka, har yadda yake karkata wuya. In na kai abinci sai ya ɗaga hannu ɗaya, kada in sa ya ɓata ƙirga. Ya ce akwai kwalba biyu da sifirit ya bushe, sai ya koma kogon Mashegu ya samo madadinsu. Ya je sau ɗaya ya dawo da ƙura har cikin gashin ido. Washegari na ji ya yi tari a bayan gida. Mai yiwuwa mura ce. Amma na san wannan ƙarar, na yi shekaru ina kwana kusa da ita.

Ranar da ya tafi Tungan Magajiya barka, na aika aka kira Yaya Sule. Dama abin da yake jira ke nan. Muka kwashe kwalaben a kwando, ya haƙa rami a bayan katangar da ta faɗi, muka juye, ya bi da tabarya, ya mayar da ƙasa. Ban ji komai ba sai sanyi a raina. Na ce shi ke nan, na binne kishin shekara da shekaru, ɗana zai kama hanyar Minna.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon katakon da kake jera kwalaben, ba komai a kai. Daga baya ya zo ya durƙusa a gabana, ya yi mini bayani a hankali, da muryar nan taka ta koyarwa da ke sa in ji kamar in fasa tukunya. Ashe ba a raɗa wa irin wannan abu suna da baki ko da zane. Sai an ajiye kunamar ita kanta a kwalba, da sunan kogon da aka samo ta, da 'yan uwanta da za a gwada ta da su. Da kwalaben na nan, aikin da ya rage masa na zaure ne, kafin kaka ya gama ya tafi Minna. Yanzu kuwa sai ya bi kowane kogo da ka taɓa shiga, daga farko.

Me ya sa ba ka taɓa gaya mini wannan ba? Ka cika mini kunne da gashi da haƙora da ido, amma abu ɗaya da ya kamata in sani ka bar shi a cikinka. Da ka ɗauke ni mutum ka zaunar da ni sau ɗaya, da ban taɓa kwalba ko ɗaya ba. Kada ka ce laifina ne. Ni uwa ce, na ji tari na yi abin da uwa za ta yi.

Na roƙe shi, na yi masa kuka, har na ce zan ɗaga masa nono. Ya ce in yafe masa, amanar mamaci ba a ajiye ta. Jiya bayan sallar asuba ya shiga motar Sahon Rami. Na ba shi tsohon ɗankwalina na ce ya ɗaure hanci da baki in zai shiga. Ya karɓa ya sa a aljihu, kamar yadda kake yi.

Ina yi maka addu'a kowace salla, don hakkinka ne, ba don zuciyata ta huce ba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari. Amma ka ji ni da kyau, Malam: in yaron nan ya dawo mini da tarinka, kada ka sa ran zan yafe maka, ko a nan ko a can.

Sai mun haɗu a gaban mai raba mu.

Ni ce matarka, uwar yaron da ka tura kogo,
Asabe, Kwantagora