Inna Ba Abin Leƙe Ba Ce

Yaya Isufu,

Assalamu alaikum. Ina gida, ina iyali? Ya jikin Inna, ya masu jinya? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya na zo Paris daga Lyon, na shiga shagon Alhaji Mamman a unguwar Aubervilliers. Sai ya miƙo mini waya: ga Inna kwance a gadon asibiti, ba kallabi, tana nishi. Wai kai ka ɗauka ka watsa don a yi addu'a. Haba Yaya! Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da mayafi?

A karatuna na gamu da wata tsohuwar kalmar Ingilishi, raree-show. Akwati ne mai 'yar huda, mutanen Savoie na nan kusa da Lyon suke goya shi har titunan Landan. Ka ba da kwabo, ka kafa ido, ka sha kallo. Su zanen takarda suke sawa a ciki. Kai uwarmu ka sa.

Ka goge bidiyon nan yau. Mai addu'a ba sai ya ga kanta a buɗe ba.

Gaida Zainabu da yara. Inna ta sa mini albarka, amma kada ta ji na gani.

Ƙanwarka,
Hadiza