Injin da ke Bayan Kicin ɗin Maman Jummai

Laraba, watan Maris, 2008. Kpakungu.

Sati uku ke nan famfonmu ko ɗigo ba ya yi. Duk wanda na tambaya sai ya ce rani ne, ruwan madatsar Tagwai ya ja baya. Na yarda kuwa, tunda kullum maƙwabciyata Maman Jummai ke ce mini, "Maman Sadiya, haƙuri za mu yi sai damina."

Yau da la'asar kazata ta shiga gidanta, na bi ta har bayan kicin. Sai ga inji yana gurnani ƙarƙashin tsohon buhu, an jona shi da bututun layinmu, yana zuƙe ruwa yana ɗura wa tankinta. Ashe ana sako ruwan, a gidanta yake tsayawa! Bututun da mazajenmu suka haƙa wa rami tare!

Da ta gan ni, wai ɗan kaɗan ke zuwa, ko ta bari ba zai iso mu ba. Ko kunya babu. Na ɗauki kazata na fito.

Abin da ke ci mini rai shi ne bokiti biyun da ta ba ni ranar Lahadi. Har ƙasa na durƙusa ina sa mata albarka, a kan ruwana.